Yajin Aikin Ƙafar Apa Shado

Sunanta na yanka Irshad Bibi, amma in ka shigo ƙauyenmu kana cigiyar Irshad Bibi, za a yi ta kallon-kallo har a kai ka gidan wata tsohuwa da ta rasu bara. Ka ce Shado mai ƙafa, ko ɗan akuya zai nuna maka ƙofar. 'Yar goggona ce, ta girme ni da shekara uku, ita kuma ta kafe a kan biyu. Tun muna yara nake ce mata Apa, kamar yadda ake kiran babbar ya, kuma tun muna yara take dungure mini kai. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ramuwa ce, sai dai babu ƙarya a ciki, in ban da 'yar wadda labari ba ya tsayuwa sai da ita.

Shado da ƙafa ta zo duniya. Kowa yakan sako kai ya leƙa tukuna, ita kuwa sai ta miƙo ƙafar hagu, kamar mai taɓa ruwan kogin Canab ta ji ko da sanyi. Goggona ta sha wuyar da ta yi shekara arba'in tana ba da labarinta, kuma kowace shekara wuyar ƙaruwa take yi. Jiki ya fito, kai ya tsaya. Da ƙyar aka samo shi. Jaririya ta faɗo shuɗiya, shiru, har mata sun fara salati, sai ungozoma ta murje ta da tsumma, ta yi atishawa, ta ɓarke da kukan da ya tashi tsuntsaye daga gonakin ƙauye uku. Har yau bakin bai rufu ba.

A wurinmu duk wanda ya zo da ƙafa, ƙafarsa magani ce. In cuk ya kama mutum, wato ƙugunsa ya riƙe farat ɗaya yana cikin ɗaga buhu ko tatsar ɓaunar gida da muke kiwo kamar saniya, ba allura yake nema ba. Da sassafe kafin ya karya zai zo ƙofar mai ƙafa, ya dafa gefenta da hannu biyu, ya juya baya. Ba sallama, ba gaisuwa, in ya yi magana maganin ya karye. Mai ƙafa ya zo ta baya ya ɗirka masa shuri uku a ƙugu, shi kuma ya tafi ba waiwaye. Dunƙulen mazarƙwaila kawai yake bari a dokin ƙofa, kamar wanda ya manta da shi.

Shado ta kama aiki tana da shekara shida. A kan kwando aka ɗora ta don ƙafarta ta kai ƙugun liman. Daga ranar zuwa yau ta shuri limamai uku, 'yan sanda biyu, mai ƙasar da muke nomawa, da wani ango ana gobe ɗaurin aurensa. Duk namijin da ke da gashin baki tsakanin nan da birnin Jang, in ka ɗaga rigarsa za ka ga sawunta. Babu macen da ta shuri maza kamar ita a faɗin Panjab, su kuma tafi suna sa mata albarka a zuci. Mazarƙwaila kuwa ta ci mata haƙora huɗu, tururuwan ƙauyen nan duka a gidanta suke yin sallah.

To amma ƙafar nan ta hagu mai warkar da jama'a ta fi ta dama gajarta da yatsa uku. Shado tana tafiya kamar kwale-kwale ranar iska, ta nitse hagu, ta taso dama. Ba ta fara tafiya ba sai da ta haura shekara biyu, kuma da ɗingishin ta fara. Da wata ce, da ta haƙura ta ce haka Allah ya yi ta. Shado ba ta ƙi wannan ba, amma tana so ta san ta yaya ya yi. Mace ce mai tambaya. In ta sayi agogo, kafin la'asar ta kwance shi. Ta tambayi liman, ya ce mata jarrabawa ce. Ta tambayi shehin da ke zaune a hubbaren bakin kogi, ya ce maganin ne da nauyi, shi ya danne ƙafar. Ta tambaye ni, na ce ai ƙarewa take kamar alli, kowane shuri yana cin kaɗan. Baiwar Allah nan ta samo zare ta auna ƙafar daga kwatangwalo zuwa diddige, ta yi ƙulli, ta riƙa sake awo kowace Juma'a har shekara guda. Da ta ga ƙullin bai motsa ba, ta biyo ni har gona da muciya. Zaren kuma ba ta yar da shi ba, yana cikin akwatinta.

Akwai wani abu da bin diddiginta ya tono mata, wanda ni kaɗai ta gaya wa. Wata rana muna shan shayi ta rage murya ta ce, "Sharfu, na lura da wani abu. Wanda na shura yakan miƙe bayan kwana uku."

"To ai shi ke nan, Apa, aiki yana kyau."

"Wanda kunya ta hana shi zuwa, shi ma bayan kwana uku yake miƙewa."

Na ce, "Ki rufe bakinki, kina so ki kashe mana tururuwa da yunwa?"

Ta yi dariya har ta ƙware, amma ta ci gaba da ƙirga a ranta.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Kausar, tana aure a ɗaya unguwar, gidan Baba Allah Ditta da matarsa Hajran. Mijin Kausar yana aikin masaƙa a Karaci, sai sallah-sallah ake ganinsa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, wannan kuwa ta biyu ce, saboda haka a gidan miji za a yi ta, a hannun Hajran. Da cikin ya shiga wata tara, Baji Rubina, ma'aikaciyar lafiya mai bin gida-gida da jakarta, ta lallatsa shi ta ce ɗan nan a zaune yake, kansa a sama, a asibiti za a haife shi. Kowa ya yarda, har an ce mini in ajiye mai a babur ɗina mai ƙafa uku. Sai dai ba a yi shawara da mai zuwa ba. Naƙuda ta taso saura mako biyu, da tsakar rana, a ranar da aka fara girbin alkama, duk mai iya riƙe lauje yana gona. Kafin a nemo ni in iso, ƙafafu sun fito.

Shado ce ta riƙe kan 'yarta a cinya. Labarin da ta yi shekara arba'in tana ji tana hamma, ranar ta gan shi da idonta. Jiki ya fito har kafaɗa, sannan komai ya tsaya. Ta ce ta ƙirga numfashinta goma sha tara kafin ungozoma ta samo kan. Yarinya ce, ta zo shiru, jikinta saɓule. Aka murje ta, aka sake murzawa. Sai da Kausar ta fara tambaya me ya sa ba ta jin komai, sannan aka ji wani ɗan tari, kuka ya biyo baya.

Kafin la'asar labari ya zaga gonaki. Shado ta samu magajiya. Tsofaffi suka riƙa shafa ƙugu suna hamdala, wani ma ya aiko da mazarƙwaila tun kafin a yanke shawarar suna. Nimra aka sa mata daga baya.

Washegari Baji Rubina ta zo duba jaririya, Shado ta tsuguna a gefenta har hancinta na taɓa jaka. Rubina ta kwance dogon ƙyallen da Hajran ta naɗe yarinyar da shi. Ta sa yatsa a kowane tafin hannu ta ga an damƙe. Ta shafa ƙashin wuya hagu da dama.

"Me kike nema a nan, 'yata?"

"Masi," haka muke kiran mace sa'ar uwa, "masu zuwa da ƙafa akan ja su wajen fitarwa. Wani hannunsa yakan mutu, wani ƙashin nan yakan tsage. Nata lafiya lau."

"Jinkirin kukan fa?"

"Tana kama nono da ƙarfi, tana farkawa da kanta, alama ce mai kyau. Zan riƙa zuwa ina dubawa."

Sai ta lanƙwasa gwiwoyin yarinyar, ta buɗe cinyoyin a hankali kamar mai buɗe littafi. Ta dama ta kwanta har kan zane. Ta hagu ta zo rabi ta tsaya. Rubina ta sake gwadawa, ta ɗan danna da yatsa. Ta dunƙule hannu ɗaya ta sa shi cikin tafin ɗayan. Ta ce kan ƙashin cinya haka yake zaune cikin gurbinsa. Ɗan da ya daɗe a zaune cikin ciki, gurbin nan wani lokaci ba ya yin zurfi, sai ƙashin ya riƙa zamewa. Ta ce ita ba ta da tabbas, likita a Jang ce za ta duba da na'ura, kuma kada a wuce mako biyu. Kafin nan a daina haɗe mata ƙafafu ana ɗaurewa, a bar su su buɗe yadda suke so.

Shado ta ce, "In ba a kai ta ba fa?"

Rubina ta saki gwiwoyin yarinyar. Idonta ya sauka kan ƙafar Shado ta hagu, ta yi maza ta ɗauke shi ta shiga tattara kayanta. Amma Shado ta gani.

Hajran ba muguwar mace ba ce, kada a ce na ce. Ta girmi Shado da shekara goma, ta raini 'ya'ya bakwai, dukansu miƙaƙƙu kamar rake, kuma ta san dalili: ɗauri. Rubina na fita ta miƙe ƙafafun Nimra, ta haɗe su, ta naɗe tun daga ƙirji har idon sawu, ta ja ƙyallen har sai da ya yi ƙara. Ta gyara wuƙar da ake sawa a ƙarƙashin matashin jariri don tsari, ta zauna.

"Apa Hajran, sassauta mata mana."

"In sassauta ta tashi tana rawa a hanya irin ta kakarta? Ni ma ina da ido, Shado. Tun da ta zo da ƙafa nake kallon taki ina addu'a. Ninki biyu nake yi mata."

"Ai ni ma haka Ammi ta naɗe ni. Ta ce wata shida ban ga gwiwata ba."

"To ba ta ja da kyau ba."

"Kin ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji. Yarinyar da na ga ranar sunanta. Jang kuma, sai bayan arba'in. Ba mai jego ba jaririn da zai tsallake dokin ƙofar nan a gidana, inuwar kowa ta faɗa masa. Bayan arba'in ma, mu ga ko akwai abin da ya rage na gyara."

Shado ta koma gida ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kafa ƙauyen. Ta kwanta rigingine a kan gadon igiya, ta lanƙwasa gwiwa, ta buɗe. Ta dama ta faɗi. Ta hagu ta zo rabi ta tsaya, daidai inda ta jikarta ta tsaya. Ta daɗe a haka tana kallon rufi, har ɓaunarta ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da aka zo yanka kazar romon mai jego, ta ce ita za ta gyara. Ta feɗe cinyar a hankali har ta tarar da gaɓar, ga ɗan dunƙulen ƙashi fari fat yana zaune cikin kwarminsa. Ta buɗe ƙafar kazar gefe, dunƙulen ya nitse ciki ya zauna daram. Ta miƙar da ita ta matso ta jikin 'yar'uwarta, ya taso ya hau baki. Ta buɗe, ya koma. Ta yi haka ya fi sau hamsin, kuda na binta. Sannan ta naɗe kazar a mayafi ta tafi da ita gidan surukai, ta shimfiɗa a gaban Hajran ta nuna mata.

Hajran ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Jikata ba kaza ba ce." Ta karɓe ta jefa a tukunya.

Aka buga wa mijin Kausar waya, ya ce duk abin da mahaifinsa ya yanke. Aka je wa Baba Allah Ditta, ya zare bakin tukunyar tabarsa ya ce wannan maganar mata ce, shi alkamarsa ta eka shida tana tsaye, ga hadari yana leƙowa daga yamma kowace la'asar. Kwana suka yi ta tafiya. Kausar takan kwance ɗaurin in surukarta ta fita, ta mayar in ta ji tafiyarta, abin da ƙarfinta ya kai ke nan.

Ranar kwana tara Allah ya dubi Shado. Baba Allah Ditta ya sunkuya zai ɗauki dami, ya tsaya a haka. Mutum huɗu suka kawo shi gida a kan gado, lanƙwashe kamar laujensa.

Washegari da sassafe ina gidan Apa na zo karɓar nono, sai ga shi yana jan ƙafa da sanda. Ya ajiye mazarƙwaila, ya dafa ƙofa da hannu biyu, ya juya mana baya. Shado tana zaune tana kaɗa nono. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da kaɗawa. Ya jira. Ya yi gyaran murya. Ya ɗan girgiza ƙugu, wai ko ba a gane abin da ya kawo shi ba. Magana ba hali, in ya yi ta ya ɓata maganinsa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Sai da man ya taso a kan nono, sannan ta ce, ba tare da ta dubi ƙofa ba:

"Sharfu, in ka ga wani a tsaye a ƙofar nan, ka gaya masa ƙafa ta tafi yajin aiki. Ba ta dawowa sai jikarta ta ga likita."

Na ce, "Apa, ai yana jin ki."

"Ni ba da shi nake ba."

Dattijo ya tafi yana huci ta hanci. Ya sa aka bincika masa wani mai ƙafar. Akwai ɗaya a ƙetaren kogi, amma ya ba ɗari baya, in ya ɗaga ƙafa shi ake tarowa. Rana ta biyu Baba ya dawo da dunƙulen mazarƙwaila mai girman kan jariri. Shado ta zauna a bayansa tana ɓarar tafarnuwa tana yi wa ɓauna hira.

Da ya tafi sai ta ajiye tafarnuwar. Ta ce, "Kwana uku gare ni, Sharfu, ka sani na sani. Biyu sun tafi. Jibi zai tashi ya ga ya miƙe da kansa. Asirina ya tonu, wannan ba komai. Amma yarinyar za ta zauna a ɗaure."

Ban samu abin tsokana ba, na sha nonona.

Rana ta uku Hajran ce ta rako mijinta. Ta jingine shi a ƙofa kamar tabarma, ta shigo tsakar gida.

"Shado, ba ki jin kunya? Dattijo kwana uku a ƙofarki, ƙauye na kallo, ruwa na shirin sauka a kan abincin shekara. Abincin da 'yarki za ta ci."

"Shigo ɗaki, Apa Hajran, in nuna miki wani abu. Ba kaza ba ce yau."

Ni ban shiga ba, amma labulen gidan Apa ya tsufa. Shado ta kwanta, ta lanƙwasa gwiwa, ta ce wa Hajran ta buɗe da hannunta. Hajran ta buɗe ta dama. Ta kama ta hagu, ta zo rabi, ta tura, ta ƙi. Ita ce mai yi wa Nimra wanka safe da yamma, hannunta ya san wurin nan.

Shado ta ce, "Kin tuna ranar da Kausar ta faɗa magudanar ruwa tana shekara uku?"

"Na tuna."

"Ina bakin gona, ina ganinta. Na yi gudu iyakar gudun da nake da shi. Matar da ta tsamo ta daga can wajen masallaci ta taso, ta wuce ni a hanya. Ke ce, Apa Hajran. Ni dai ban taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba. Ba na ce likita za ta gyara ba, ban sani ba. So nake a duba tun ƙashin yana ɗanye."

Hajran ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Wuƙar za ta bi mu."

"Ta bi mu."

"Ni zan riƙe yarinyar, cikin mayafina, ba wanda zai ga fuskarta a hanya. Kausar ta rufe kanta ruf. Kuma ki shuri mutumin nan tukuna."

"Ɗaya yanzu. Biyu in mun dawo."

"Wa ya taɓa raba shuri?"

"Ƙafata ce, ni na san dokarta."

Ta fito ta ɗirka wa Baba guda ɗaya, ta ce mini in tayar da babur.

Likitar Jang yarinya ce siririya mai tabarau. Ta shafa wa Nimra wani abu mai sanyi a kwatangwalo, ta ɗora kan na'ura, allo ya cika da wani abu kamar hadari. Ni ban ga komai ba sai hadarin. Shado kuwa ta matsa har ta kusa hawa tebur, ta nuna da yatsa ta ce, "Ga dunƙulen nan. Ya hau baki." Likita ta juyo ta dube ta, ta ce a ina ta yi karatu. Shado ta ce a wurin kaza.

Aka kawo wata 'yar riga mai maɗaurai, aka sa wa yarinya, ta ɗage gwiwoyinta ta buɗe su gefe. Likita ta ce haka za ta zauna kamar wata uku, ana kawo ta duk mako biyu, don ƙashin ya zauna a gurbinsa gurbin ya yi zurfi a kansa.

Hajran ta ce, "Kwaɗo za ku mayar mini da jika?"

"Na ɗan lokaci ne, Masi. Kun zo da wuri, mafi yawan waɗanda aka kawo a irin wannan kwanakin sukan warke sarai. Dogon ƙyallen nan dai a ajiye shi."

Hajran ta ninke ƙyallen a cinyarta, ta sake ninkewa. Sannan ta tambaya ko rigar za ta ɓata maganin ƙafar yarinya. Likita ta ce wannan ba a koya musu shi ba.

Muna shirin fita, Shado ta tashi ta yi taku uku zuwa ƙofa. Likita ta ce, "Masi, ke ma da ƙafa kika zo?"

Shado ta tsaya cak. "Wa ya gaya miki?"

"Tafiyarki."

Ai kuwa ba mu bar asibitin nan ba sai da aka ɗauki hoton ƙashinta. Shado ta ɗaga shi a taga ta duba. A dama ga dunƙule cikin gurbinsa. A hagu gurbin fayau kamar faranti, dunƙulen ya haura sama ya yi wa kansa wani ɗan masauki a jikin ƙashi, ya zauna can shekara hamsin da huɗu. Ta sa yatsunta uku tsakanin inda yake da inda ya kamata ya kasance, suka cika wurin daidai. Likita ta ce nata ya wuce riga, sai dai aiki in ciwon ya tsananta. Shado ba ta ma ji ba. Kallon hoton take tana gyaɗa kai, kamar wadda ta haɗu da mutumin da aka daɗe ana ba ta labarinsa.

A hanya ta ce, "Ashe ba alli ba ne, Sharfu."

Na ce, "Ni ma ji na yi a gari."

Da la'asar muka iso, muka tarar da Baba Allah Ditta a tsakiyar gona yana yanka kamar saurayi, yana gaya wa 'yan girbi cewa hutu ya ƙara wa ƙafar Shado ƙarfi, shuri ɗaya yanzu yana aikin uku. Apa ta dube ni, na dubi sama. Duk da haka ta sauka daga babur ta ce alkawari alkawari ne, ya juya. Ta cika masa biyun a gaban jama'a, kuma ni na ga ta sa ƙarfi.

Nimra ta yi wata uku da 'yan kwanaki a rigar kwaɗo. Hajran ce ke riƙe ta a kowace tafiya, da wuƙarta, har yau kuma in an tambaye ta cewa take wuƙar ce ta yi aiki, likita ta taimaka. Hoton ƙashi yana rataye a ɗakin Apa kusa da kalanda. Masu cuk suna zuwa kamar da, tana shurinsu kamar da, sai dai in ta ji an haifi mai ƙafa a wani ƙauye, kafin masu barka su watse ta isa, da cinyar kaza a mayafi.

Ranar da aka ce Nimra ta saki bango ta yi tafiya, tana da wata goma sha huɗu, Shado ba ta yi guɗa ba. Ta kwaɓa laka ta yi sabon yaɓe a tsakar gida, santsi kamar madubi. Ta sa aka tsayar da yarinyar a wannan gefe, ta tsuguna a wancan da ɗan gutsuren mazarƙwaila a hannu. Nimra ta taho, taku bakwai, ta karɓe ta cusa a baki. Kakar ba ta ko rungume ta ba. Ta ɗauko tsohon zarenta daga akwati, ta rarrafa a gefen yaɓen tana auna sawu ɗaya bayan ɗaya, nisan hagu da nisan dama, ta sa ɗan yatsa a kowane diddige ta ji zurfinsa. Hajran na tsaye a kanta ta riƙe baki.

Da ta kai na bakwai ta zauna a ƙasa, laka har gwiwar hannu. Ta ce, "Daidai suke."

Na ce a sake awo, wataƙila zaren ne ya ƙare kamar alli. Ta nuna wa Nimra ƙaurina, yarinyar ta zo a guje, a miƙe, ta shure ni da ƙafar hagu.